Kuɗinka ne, amma ba ka da ikon taka su: abin da doka ta ce kan liƙi

Idan kana bibiyar TikTok ko Facebook, ka saba ganin bidiyon biki inda abokan ango ke watsa sababbin ɗari biyar-biyar, ana rawa ana tattakawa. Daga Gaya zuwa Ajingi ma haka abin yake, musamman bayan kaka, lokacin da bukukuwa ke yawa. To, ka san wannan bidiyon da kake ɗorawa zai iya zama shaida a kanka a gaban alƙali?

Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira. Yaga ta, rubutu a jikinta, huda ta, watsa ta a wurin biki, taka ta ko rawa a kanta, duk laifi ne. Sayar da sababbin kuɗi kamar yadda ake yi a ƙofar wuraren biki shi ma ya shiga ciki. Hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne, ko tarar da ba ta gaza N50,000 ba, ko duka biyun.

Shekaru da dama dokar tana nan ba a cika aiki da ita ba, sai EFCC ta farfaɗo da ita. A watan Afrilun 2024 kotun tarayya a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida ba zaɓin tara. Kada ka ce ai wannan Legas ce. A 2025 kotun tarayya a Kano ta yanke wa Murja Kunya wata shida ko tarar N50,000 kan irin wannan laifi.

Za ka iya cewa, "Ai da guminka ka samu, ina ruwan gwamnati?" Darajar kuɗin taka ce, amma takardar ta kowa ce. Yau tana hannunka, gobe tana hannun mai ƙosai a tasha. Idan ta yage ko ta yi dauɗa, mai shago ya ƙi karɓa, mai POS ya ƙi karɓa, wanda ba shi da banki kusa shi ke kwana da asara. Sannan da kuɗin jama'a ake buga sababbi. Wanda ya ga wahalar ƙarancin kuɗi a farkon 2023 ya san darajar takarda ɗaya mai kyau.

Wasu na ƙorafin cewa 'yan TikTok da masu nishaɗantarwa aka fi kamawa, manya kuwa suna liƙi ba mai taɓa su. Ƙorafin yana da tushe, sai dai ba zai fitar da kai a kotu ba.

Kana son karrama ango ko amarya? Sa kuɗin a ambulan, ko ka miƙa hannu da hannu, ko ka tura ta waya. Ke ma 'yar'uwa, a ranar kamu ki ajiye a faranti. Lissafin kasuwa da lambar waya kuma a nemi takarda a rubuta, a bar naira ta huta.