Zabiya a ƙarƙashin ranar Lafia

Baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafi, kuma duk wanda ya taɓa ratsa Lafia da tsakar rana a watan Maris ya san haka. Baƙin abu yana shanye hasken da ya sauka a kansa ya mayar da shi zafi, fari kuwa yana kore mafi yawansa.

Irin wannan aiki ne sinadarin melanin, mai ba fata launinta, yake yi. Yana taruwa kamar malafa a cikin ƙwayoyin fata, ya tare hasken ultraviolet da ido ba ya gani kafin ya yi ɓarna. Zabiya ana haihuwarsu da ƙarancin wannan sinadari ko rashinsa. Lafia tana kimanin digiri 8.5 arewa da ekwaita, abincin jama'arta kuma yana gonakin doya, rogo da riɗi. Yaro zabiya da yake bin iyayensa gona yana tara ƙuna shekara da shekaru, wadda takan rikiɗe ta zama sankarar fata.

Tun 2015 duniya take tunawa da zabiya kowane 13 ga Yuni, Abuja ma ba ta rasa jawabai a ranar. Amma man kare fata daga rana ya fi ƙarfin aljihun manomi, da yawa ma kayan kwalliya suka ɗauke shi. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna. Masu rubuta kasafin lafiya ne za su iya kai shi ɗakunan shan magani na Doma, Obi da Awe.