Kalmar "Tofaz": Asalinta da Ma'anoninta

Tofaz sunan wani dutse ne mai daraja wanda aka fi sani da launin rawaya. Hausa ta aro kalmar daga Ingilishi, shi kuwa ya same ta daga Faransanci, Faransanci daga Latin, Latin kuma daga Girkanci, inda ake cewa topazos. Wannan salsala babu gardama a kanta. Inda gizo ke saƙar shi ne, dutsen da Girkawa suka laƙaba wa sunan ba shi ne ake kira tofaz a yau ba.

Akwai wani ɗan tsibiri a Bahar Maliya, daura da gaɓar kudancin Masar, wanda mutanen da suka kira Topazios. Filini Babba, malamin Rumawa da ya rasu a shekarar 79 Miladiyya, ya ruwaito daga Sarki Juba cewa hazo kan rufe tsibirin har matuƙa jiragen ruwa su yi ta lalube, ya ce kuma a harshen mazauna gaɓar kalmar na nufin "nema". Bayani ne mai daɗin ji, sai dai ya yi kama da irin fassarar da jama'a kan ƙaga wa sunan gari bayan an manta tushensa. Wasu manazarta sun danganta kalmar da tapas ta Sanskirit, wato zafi ko wuta, amma kamar lafazi kaɗai ba ta isa hujja ba.

Abin lura a nan shi ne, dutsen da ake haƙowa a tsibirin kore ne, Filini ma da kansa haka ya siffanta shi. Shi ne Larabawa ke kira zabarjad, kuma daga nan tsibirin ya sami sunansa na yanzu, Zabargad. Da tafiya ta yi tafiya, Turawa suka riƙa kiran kowane dutse mai rawaya tofaz, har a 1737 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Henkel, ya ɗora sunan a kan wani dutse dabam da ake samu a Sakisoni. Wannan ya fi zabarjad tauri, domin a ma'aunin Mohs yana mataki na 8, zabarjad kuwa bai wuce 7 ba.

Saboda haka mai fassara da ya tarar da topazos a tsohon littafi, ya rubuta "dutse mai rawaya", ya kauce. Haka nan mai saye a kasuwa, domin ana gasa wani dutse mai ruwan shuni ya koma rawaya, a sayar da shi da sunan tofaz. Rawayar ma ba sharaɗi ba ce: tofaz ɗin da ake samu a wuraren haƙar kuza na Jos galibinsa fari ne garau, ko shuɗi-shuɗi.