Fom 990: Yadda manhajojin kwamitin amintattu ke taimaka wa ƙungiyoyin jinƙai a Amurka wajen amsa tambayoyin haraji

A watan Yunin 2011, Hukumar Tara Haraji ta Amurka, wato IRS, ta sanar da cewa ƙungiyoyi kusan 275,000 sun rasa rangwamen harajin da suke morewa. Laifinsu ɗaya ne: sun yi shekara uku a jere ba su miƙa wa hukumar bayanin shekara ba. Wata doka da majalisar ƙasar ta yi a 2006 ce ta tanadi cewa duk ƙungiyar da ta yi irin wannan shiru, rangwamenta ya faɗi da kansa, ba sai an gurfanar da ita gaban alƙali ba. Da yawa daga cikinsu sun daɗe da mutuwa, amma akwai masu rai da suka wayi gari suka tarar dole su sake neman rangwamen daga farko, kuma a tsakanin nan wanda ya ba su gudummawa ba zai samu ragin harajin da ya saba samu ba.

Takardar da ake magana a kanta ita ce Fom 990. Ƙungiyar jinƙai a Amurka ba ta biyan harajin kuɗin shiga a kan ayyukanta na alheri, amma ba a yafe mata bayar da bayani ba. Wadda kuɗin da take samu a shekara bai wuce dala 50,000 ba, 'yar gajeriyar sanarwa ce take cikewa ta intanet, mai suna 990-N. Wadda take samun ƙasa da dala 200,000, kuma kadarorinta ba su kai dala 500,000 ba, tana iya amfani da 990-EZ. Sauran kuwa cikakken fom ɗin ne a kansu. Wa'adin miƙawa shi ne ranar 15 ga wata na biyar bayan rufe shekarar kuɗi, wato 15 ga Mayu ga mai rufe littattafansa a Disamba, kodayake ana iya neman ƙarin wata shida. Tun bayan wata doka ta 2019, ta kwamfuta ake aikawa. Majami'u da masallatai ba sa cikin waɗanda aka wajabta wa.

Wanda bai taɓa ganin cikakken fom ɗin ba zai zaci lissafin kuɗi ne zalla, aikin akanta. Haka yake galibi har zuwa lokacin da hukumar ta sake masa fasali, sabon ya fara aiki daga shekarar haraji ta 2008. A cikinsa aka sanya Sashe na Shida, wanda ke tambaya a kan yadda ake tafiyar da ƙungiyar kanta. Akwai tarihi a bayan wannan. William Aramony, wanda ya shugabanci United Way of America, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin tara gudummawa a ƙasar, ya sauka daga muƙaminsa a 1992, kuma a 1995 aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara bakwai saboda almundahana da dukiyar ƙungiyar. Badaƙalar kamfanin Enron kuma ta haifar da dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wadda biyu daga cikin tanade-tanadenta, na hana lalata takardun shaida da na hana ramuwa a kan mai kwarmato, suka shafi har ƙungiyoyin jinƙai. Hukumar harajin ta ɗauki matsayin cewa ƙungiyar da amintattunta ke sa ido da gaske ta fi kusa da bin dokar haraji, don haka ta fara tambaya.

Tambayoyin gajeru ne, yawancinsu amsar “eh” ko “a'a” suke nema. Mambobi nawa ne ke da ikon kaɗa ƙuri'a a kwamitin amintattu, kuma nawa ne daga cikinsu ba sa cin abinci a jikin ƙungiyar? Akwai dangantakar jini, ta aure ko ta kasuwanci a tsakanin shugabanni? An rubuta bayanin kowane zama a kan lokaci? An ba kowane mamba cikakken kofin fom ɗin kafin a aika? Akwai rubutacciyar ƙa'ida a kan abin da za a yi idan maslahar mamba ta ci karo da ta ƙungiya? Akwai ta kare mai kwarmato, da ta adana takardu? Wa ya yanke albashin shugaba, kuma da wane ma'auni?

Abin mamaki, fom ɗin da kansa ya faɗa a rubuce cewa dokar haraji ba ta wajabta yawancin waɗannan ƙa'idoji ba. Ƙungiya na iya amsa “a'a” ba a ci ta tara ba. Sai dai fom ɗin ba sirri ba ne. Kowa na iya buɗe shafukan Candid ko ProPublica ya karanta shi kyauta, kuma masu auna nagartar ƙungiyoyi irin su Charity Navigator suna duba waɗannan amsoshi. “A'a” da yawa kan sa mai shirin ba da tallafi ya ja baya. “Eh” ta ƙarya kuwa ta fi haɗari, domin jami'in da ya sa hannu yana yin haka ne bisa rantsuwar cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Saboda haka ƙungiya na buƙatar “eh” da za ta iya kawo wa hujja, da kwanan wata a jiki.

A nan ne manhajojin gudanar da kwamitin amintattu suka samu kasuwa. BoardEffect, OnBoard, Boardable da Diligent na daga cikin waɗanda aka fi sani. Kowacce ɗaki ne a intanet da ake shiga da kalmar sirri, inda ake ajiye ajandar zama, da takardun da za a tattauna, da bayanan zaman da suka gabata, da tsarin mulkin ƙungiya. Mambobi na iya kaɗa ƙuri'a da sa hannu daga wayoyinsu. Abin da ya fi muhimmanci ga batun haraji shi ne yawancinsu na riƙe da tarihin duk abin da aka yi a ciki: ranar da aka ɗora takarda, wanda aka aika wa, da lokacin da aka sa hannu.

A ɗauki tambaya ta 8, wadda ke son sanin ko an rubuta bayanin zama a kan lokaci. Hukumar ba ta bar ma'anar “kan lokaci” a buɗe ba. Tana nufin kafin zama na gaba, ko cikin kwana 60 bayan zaman, wanda duk ya fi nisa a cikinsu. Wannan ya haɗa da ƙananan kwamitocin da aka ba ikon yanke hukunci a madadin babban kwamiti, waɗanda su ne aka fi mantawa da su. Duk wanda ya taɓa riƙe sakatariyar wata ƙungiya ya san yadda abin ke faruwa: a yi zama a Fabrairu, sakatare ya yi 'yan rubuce-rubuce a bayan ajanda, sai a Nuwamba, lokacin da mai binciken kuɗi ya nema, a zauna a tsara bayanin daga abin da aka iya tunawa. Irin wannan takarda ba ta cika sharaɗin ba, ko da duk abin da ke cikinta gaskiya ne. Manhaja kan sauƙaƙa aikin ta hanyar mayar da ajanda ta zama ƙashin bayanin zaman. Sakatare na cike gurabe yayin da ake magana, sunayen mahalarta da sakamakon ƙuri'a na shiga nan take, kuma ranar da aka kammala ba ta hannun kowa balle a ja ta baya.

Tambaya ta 11 ma tana da nata tarko. Ba ya isa a ce wa mambobi fom na nan a ofis ga mai son gani. Wanda ya yi haka amsarsa “a'a” ce. Haka kuma idan aka cire wani shafi, misali na albashi, kafin a rarraba. Amma umarnin cike fom ɗin ya amince a amsa “eh” idan aka aika wa kowane mamba mai ƙuri'a saƙon imel ɗauke da hanyar shiga shafi mai kalmar sirri inda zai ga fom ɗin gaba ɗaya, kuma aka faɗa masa a cikin saƙon cewa fom ɗin na can don ya duba. Kusan a iya cewa an siffanta aikin waɗannan manhajoji ne. Bayan haka ƙungiya za ta bayyana a Jadawalin O yadda ta duba fom ɗin kafin aikawa, kuma wanda ke da tarihin abin da ya gudana a gabansa ba zai sha wahalar rubuta wannan bayani ba.

Batun dangantaka da cin karon maslaha ya fi cin rai, domin amsarsa na hannun mutane da yawa. Akanta ba shi da hanyar sanin cewa kamfanin da ke buga wa ƙungiya takardu na ƙanen matar ma'aji ne, sai an faɗa masa. Hukumar ta san da haka, shi ya sa abin da take nema shi ne a yi ƙoƙari gwargwado, kuma ta ba da misali da rarraba wa shugabanni takardar tambayoyi sau ɗaya a shekara. Manhaja kan aika wannan takarda, ta riƙa tunatar da wanda bai cike ba, ta tara amsoshin wuri guda. Daga nan ake gane waye mamba mai cin gashin kansa, domin a ma'aunin hukumar, wanda ƙungiya ke biya albashi, ko ta biya shi fiye da dala 10,000 a shekara a matsayin ɗan kwangila, ya fita daga wannan rukuni.

Inda kuɗi ke iya fita daga aljihun mutum kai tsaye shi ne albashin shugabanni. Tun 1996 doka ta ba hukumar ikon cin tarar shugaban da ya karɓi fiye da abin da ya dace: kashi 25 cikin 100 na rarar, kuma idan bai mayar ba a ƙara masa wata tarar ta kashi 200. Amintaccen da ya amince yana sane shi ma zai iya biyan kashi 10. Kariyar da ke akwai ita ce a nuna abu uku: waɗanda suka yanke albashin ba su da wata riba a ciki, sun duba abin da ƙungiyoyi makamanta ke biya, kuma sun rubuta dalilinsu a lokacin. Idan an cika su, nauyin kawo hujja ya koma kan hukuma. Na ukun ne aka fi faɗuwa a kansa, kuma shi ne wanda manhaja ta fi iya rufewa.

Masu tallan waɗannan manhajoji kan yi magana kamar saye kaɗai ya wadatar, alhali ba sa cike fom ɗin, ba kuma sa lissafin kuɗi. Akwai ma inda sauƙinsu ke jefa ƙungiya a rami. A jihohi da dama, ciki har da New York da Kalifoniya, kwamiti ba ya yanke hukunci ba tare da zama ba sai kowane mamba ya amince a rubuce. Idan shugaba ya ɗora wata buƙata a manhaja, mutum biyar cikin tara suka danna “na yarda”, allon zai nuna rinjaye, amma a idon dokar jihar ba a yanke komai ba. Sannan tarihin da manhajar ke riƙewa ba ya son kai. Yadda yake nuna cewa an aika wa kowa fom, haka zai iya nuna cewa an ɗora shi ne ana saura awa biyu a aika, ko kuma babu wanda ya buɗe. Idan magana ta kai kotu, ana iya neman wannan tarihi.

Sai kuɗin haya, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Ƙungiyar da 990-N ko 990-EZ take cikewa ba ta fuskantar Sashe na Shida, don haka da wuya a ce ta ci ribar kashe gudummawar jama'a a kan manhaja mai tsada. Rumbun ajiya na intanet da aka tsara da kyau, da sakatare mai kiyaye kwana 60, sun ishe ta. Babba kuwa, kafin ta sa hannu a yarjejeniya, ya kamata ta tambayi yadda za ta kwashe takardunta idan ta daina biya, domin bayanan zama na daga cikin abubuwan da ake son ƙungiya ta adana muddin tana raye.

Wannan batu bai yi nisa da gida ba kamar yadda ake zato. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar mazauna Amurka kan yi wa ƙungiyoyinsu na zumunci rajista a can don tara kuɗin gina rijiyoyi, gyaran makarantu ko tallafin asibiti a garuruwansu. Wadda ta girma har ta kai ga cikakken fom za ta cike Jadawalin F idan hidimominta a wajen Amurka sun wuce dala 10,000, ko ta ba wata ƙungiyar waje fiye da dala 5,000, kuma za a tambaye ta yadda take bin sawun kuɗin. Amintattun irin waɗannan ƙungiyoyi a warwatse suke, wani a Houston, wani a Atlanta, wani a Kano, kuma yawanci a zauren WhatsApp ake yanke shawara, tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Saƙon murya da ya ɓace da canjin waya ba ya zama hujja.

Haka nan ƙungiyar da ke aiki a Kaduna ko Maiduguri, idan ta nemi tallafi daga wata gidauniyar Amurka, za ta ga an buƙaci tsarin mulkinta, da sunayen amintattunta, da bayanan kuɗinta, domin ita ma gidauniyar tana da amsar da za ta ba hukumar harajin ƙasarta. A cikin gida kuma, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajistar amintattu miƙa bayanin shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Rangwamen haraji bai ɗauke musu mallakar lambar shaidar haraji ba, bai kuma ɗauke musu cire harajin albashin ma'aikatansu su miƙa wa hukumar jiha ba. Tambayoyin ba iri ɗaya ba ne da na Fom 990, amma takardun da ake nema kusan su ne dai: wa ya halarci zama, me aka yanke, wa ya sa hannu, kuma a wace rana.