Ranar Talata a Gindin Dalbejiya

Tun kafin ƙarfe bakwai benci biyun da ke gindin dalbejiyar sun cika. Wanda ya makara sai ya shimfiɗa tabarma ko gefen mayafi a kan yashi. Asibitin ƙarami ne, irin na unguwa, ɗakuna huɗu da baranda, a wani lungu da ba shi da nisa da kogin Ngadda a Maiduguri. Sauran ranakun mako na masu awon ciki ne da rigakafin yara da masu zazzaɓi. Talata kuwa ta dattawa ce, ranar masu hawan jini da ciwon siga.

Gaisuwa kaɗai takan ci lokaci. Wannan ya gaida da Kanuri, wancan ya amsa da Hausa, can gefe mata biyu suna hira da Larabcin Shuwa, ga wani tsohon malamin makaranta Babur yana tambayar wa ya zo na ƙarshe. Keke Napep ke sauke mafi yawansu, don tun 2011 aka hana babura a garin, kuma kuɗin keken nan yana cikin lissafin kowane mai zuwa.

Jami'ar lafiyar da ke kula da ranar, kowa Sista yake ce mata, in ban da tsofaffi da ke kiranta 'yata. Ba da awo take farawa ba. Tire take fitowa da shi: cokalin shayi guda, gishiri a leda, dunƙulen magi, da kwalbar lemo da ba komai cikinta sai farin siga da ta auna ta zuba. Takan cika cokalin da gishiri, ta share bakinsa da yatsa, ta ɗaga sama kowa ya gani. Wannan, in ji ta, shi ne rabon babban mutum daga asuba har kwanciya barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta yanke shi, ƙasa da giram 5 a rana, kuma a ciki har da gishirin da ke ɓoye cikin magi da burodi da taliyar yara. Sai ta girgiza kwalbar, ta ce lemo guda na iya ɗaukar siga cokali takwas zuwa tara, kafin a zo maganar shayin safe da na dare, wanda a garin nan ba a shan sa salam.

A nan ne ake fara musu, kuma musun shi ne daɗin zaman. Kusan kowane mako sai an sami wadda za ta ce, "Sista, mu goma sha huɗu ne a tukunya ɗaya. In na rage magi maigida ya ture kwano, kishiya ta ce ban iya girki ba." Ba wasa take yi ba. Shawarar da ake rubutawa a takardun lafiya ta mutumin da ke da farantinsa ne shi kaɗai, mai cefane da aljihunsa. A nan tire ɗaya ake zagaye, kuma mai ciwon sau da yawa tsohuwa ce da ke zaune a hannun ɗa ko suruki, ba ta da ta cewa a kan abin da aka ɗora a murhu. Sista ta san haka, shi ya sa ba ta cewa a yi girki biyu. Cewa take a ɗebi miyar Iya a gefe kafin a jefa dunƙule, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da bandar kifi don miya ta yi armashi. Ba ta kuma aika kowa sayen tuffa. Zogale take kira, da rama da yakuwa da kuɓewa da kuka, da wake, da burabuskon gero a madadin farar shinkafa kullum, shi ma a rage malmala. Abincin da kakanninsu suka ci ne take mayar musu, sai dai da ma'auni.

Bayan an gama wannan ake shiga ɗaya bayan ɗaya. Na'urar awon jini guda ce, mai batir. Ana zama a huta minti biyar, a nannaɗe dantse, a yi shiru. In lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka maimaita wata rana aka sami haka, to an shiga rajista. Masu siga kan zo ba su karya ba, a huda ɗan yatsa, a ɗiga jini a tsinken gwaji. Tsinken nan yana da tsada, ƙirga shi ake yi kamar kuɗi.

Darasin da ya fi wuya ba na gishiri ba ne. Mutanenmu sun saba da ciwon da ke zuwa da ƙarfinsa ya tafi: zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai, ka sha ƙwayoyi kwana uku, ka miƙe. A fahimtarmu magani abu ne da ake gamawa. To ga wani ciwo da ba ya sa zazzaɓi, sau da yawa ko ciwon kai ba ya sawa, amma an ce a sha masa ƙwaya kowace safiya har iya rai. "Na ji sauƙi na ajiye" ita ce maganar da aka fi ji a ɗakin nan. Wani kuma ya ce ya bari ne kada jiki ya saba. Sista takan ce masa, "Baba, ƙwayar nan madatsa ce. Ruwa bai ƙafe ba, tare shi aka yi." A Maiduguri ta yau ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ke faruwa in madatsa ta ɓalle ba.

Akwai dattijon da nake yawan tunawa, manomi daga yankin Bama, wanda ya shigo gari da ƙafa a 2014 lokacin da garinsu ya faɗa hannun Boko Haram. Da aka nuna masa lambar da na'ura ta bayar, sai ya ce, "Tunani ne, 'yata. In hankali ya kwanta zai sauka." Ba a yi masa gardama ba, don akwai gaskiya a maganarsa. Mutumin da ya bar gona da rumbu da kaburburan iyayensa, ya yi shekaru a sansani yana jiran rabon abinci, jikin da ya saba da fartanya ya koma zaman wuri ɗaya, ba abin mamaki ba ne jininsa ya hau. Irinsa suna da yawa a bencin nan, daga Gwoza da Dikwa da Marte da Baga. Amma jiran kwanciyar hankali ba ya kare jijiyar ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki, wadda har yanzu wasu ke cewa jifa ne ko shafar iska, galibi daga hawan jini take samo asali. Sista ta bar shi ya gama ba da labarin gonarsa tukuna, sannan ta damƙa masa amlodifin na wata guda, ta sa jikansa ya maimaita mata lokacin sha.

Abin da ke sa wurin ya yi tsit shi ne ambaton ƙoda. Da wuya ka sami wanda bai san gidan da wankin ƙoda ya karya ba. Borno da Yobe sun yi suna da wannan ciwo, musamman yankin Gashuwa, kuma masana na ci gaba da binciken abin da ya sa ya yi katutu a can. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da cibiyar ƙoda da ake zuwa daga nesa, a nan aka yi dashen ƙoda tun 2010. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki guda daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, har da wannan. Sauƙi ne babba. Duk da haka mai wanki sau biyu a mako zai kashe kusan Naira 100,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Hawan jini da siga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda a duniya, kuma su ne ake iya tarewa da arha tun a wannan benci. Sista takan haɗa da gargaɗi a kan haɗin kemis, ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da leburori da direbobin keke ke afawa kowane dare don gajiya, da jiƙe-jiƙen da ake tallansu da lasifika a bakin kasuwa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, takan ƙara da cewa a sha ruwa tun kafin ƙishi ya kira.

A bangon baranda akwai layin da fenti bai rufe ba. Nan ruwa ya tsaya bayan da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba 2024, ta mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, har ta shiga asibitin koyarwa. Rajistar Talata ta jiƙe, katunan mutane sun bi ruwa tare da magungunansu. Da aka dawo, da yawa ba su san sunan abin da suke sha ba, sai dai "ƙaramar fara" ko "babbar da ake sha bayan abinci". Wasu sun yi makonni ba ƙwaya. Tun daga nan kowa aka sa ya sayi ƙaramin littafi, a rubuta masa sunan magani da awonsa, ɗa ko jika ya ɗauki hoton shafin a waya.

Masu allurar insulin kaɗan ne, amma tasu matsalar daban ce, don garin ya san zaman duhu tun da aka fasa turakun wutar hanyar Damaturu a 2021. Wanda ba shi da firji ana koya masa ya sa kwalbar a leda, ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa, inda iska ke ratsawa. In azumi ya gabato kuma, ana gayyatar limamin unguwa ya zauna a benci tare da su, ya tuna musu rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, Sista kuma ta faɗi wanda zai iya azumi da sauyin lokacin magani, da wanda bai kamata ya gwada ba. Maganar da ba a karɓa daga bakinta, daga bakin liman ana karɓa.

Abin da ke damuna shi ne ƙanƙantar wannan aiki in an gwada da girman bukata. Shekarun rikici sun kawo ƙungiyoyin agaji da yawa Maiduguri, sun kuma ceci rayuka daga kwalara da tamowa da ƙyanda, Allah ya saka musu. Sai dai tsarin agajin gaggawa na wanda zai mutu a makon nan ne, shi kuwa mai hawan jini nasa a hankali yake zuwa. Alhali jihar nan ta riga ta nuna ta iya bin gida gida. Da shan inna ya sake ɓulla a Gwoza da Jere a 2016, matan unguwanni ne da bulamomi suka yi ta sallama a ƙofofi har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da nau'insa na asali a 2020. Matan nan suna nan, sun san kowane zaure. Na'urar awon jini mai batir ba ta fi ƙarfin jakar hannunsu ba.

A wannan asibitin, ɗaya daga cikinsu ta riga ta fara. Wajen azahar, in benci ya watse, Sista kan buɗe sabuwar rajista ta bi da biro, ta fitar da sunayen waɗanda ranarsu ce ba su zo ba. Ranar da na je mutum bakwai ne. Matar ta karɓi takardar, ta ce biyu sun tafi ta'aziyya Konduga, ɗaya kuɗin keke ne ya hana ta, sauran huɗun sai ta leƙa. Ta cire batiran na'urar ta duba, ta mayar, ta sa a jaka tare da ƙwayoyin tsohuwar da ba ta da kuɗin keke, ta gyara hijabi ta fita ta ƙaramar ƙofa.