Amsa-kuwwa ƙirar gida: muryar ɗan kasuwa a Geceme

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Geceme, cikin gundumar Tibiri ta jihar Doso, ya san mai hajar da ba a jin muryarsa ɗan kallo ne. Mai gwanjo, mai magani, mai cigiyar yaro ko akuya, kowa amsa-kuwwa yake nema, ga shi ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba. Mu da muke aikin rediyo mun ga ya dace mu bayyana muku yadda ake haɗa ta a gida.

Bakin nan mai kama da mazurari ba ado ba ne. Ku dubi kakakin sarki: mabushi ɗaya ne, amma gari duka na ji. Cikin kan amsa-kuwwa akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da ɗan faifai mai kaɗawa. Faifan shi kaɗai ba ya tura iska mai yawa. Mazurarin ne ke tattara ƙarar, ya aika ta gaba. Tun a 1915 Peter Jensen da Edwin Pridham suka gwada irin wannan na'ura gaban taron jama'a a San Francisco ta Amurka.

Kan dai ba a ƙera shi a gida. Ko a saya, ko a ciro daga tsohuwa. Baki kuwa aikin maƙerin farin kwano ne, wanda ya saba da bokiti da mazurari. Ku tsare shi kan abu uku: wuyan ya yi daidai da ramin kan, faɗin ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali, kada kuma a bar kafar da iska zai zurare. Bayan haka mai gyaran rediyo ya duba lambar da ke jikin kan, om 8 ko 16, ya haɗa shi da ampuli mai dacewa da batirin bolt 12.

Hattara: amsa-kuwwa ta magana ce. In kuka matsa mata kiɗa mai ƙarfin ganga, faifan zai lalace, kuɗinku ya bi iska. Makirfo ya tsaya bayan baki, in ba haka ba ta yi ta kuka. Da damina a ɗan sunkuyar da ita, a riƙa leƙawa kuma kada zanzaro ya yi ɗaki ciki.

Saura batun kunne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ƙarar desibel 80 kada ta wuce awa 40 a mako, alhali kusa da bakin amsa-kuwwa ana haura 100. Iyayenmu mata masu sayar da ƙosai da ƙuliƙuli, da goyo a baya, su ke wuni gabanta. Don Allah a ɗaga ta bisa sanda, ta wuce kawunan mutane, a kuma kashe ta lokacin kiran salla. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.