Jirgin Ruwa a Kan Tudu

Kwanan baya, a Ƙofar Nassarawa, na ga an ɗaure jirgin kamun kifi a bayan akori-kura za a kai shi madatsar Tiga, rabinsa yana reto a iska. Jirgi, wanda ya ara wa na ƙasa da na sama sunansa, ba ya jure tudu.

Tirelar ɗaukarsa iri biyu ce. Mai ƙananan tayoyin gungurawa tana sauƙaƙa sauke shi ko a ruwa marar zurfi, amma nauyin yakan taru wuri-wuri har katako ya tsage. Mai dogayen shimfiɗun katako tana tallafe cikinsa duka, sai dai dole a nutsar da ita sosai. Ga jirgi mai nauyi da hanya mai ramuka, ta biyun zan zaɓa wa masunci, domin jarinsa ke nan kaf.