Yaƙin Baki a Lokacin Yaƙin Basasar Nijeriya

A fagen fama, Biyafara, yankin Gabas da ya ɓalle daga Nijeriya, ta fara shan kashi tun da wuri. An shelanta kafa ta ranar 30 ga Mayu 1967, aka soma gwabzawa a watan Yuli, a Oktoba kuma hedikwatarta Enugu ta faɗa hannun sojojin tarayya. Da Fatakwal ta bi baya a Mayun 1968, sai aka raba ta da teku. Duk da haka yaƙin ya kai Janairun 1970. Cikin abubuwan da suka ja shi har da farfaganda, fagen da gwamnatin Biyafara ta Ojukwu ta yi wa gwamnatin tarayya ta Gowon fintinkau.

Tushen nasarar tata tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. An kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa a 1966, waɗanda suka tsira suka koma gida da labarin abin da idonsu ya gani. A Oktoban 1967 sojojin tarayya suka hallaka ɗaruruwan fararen hula a Asaba. Saboda haka da Rediyon Biyafara ya riƙa nanata cewa miƙa wuya daidai yake da miƙa wuya ga wuƙa, masu sauraro ba su nemi hujja ba. Gidan rediyon ya yi ta ƙaura bayan faɗuwar Enugu, amma muryar mai shela irin Okokon Ndem ba ta yanke ba, kuma hakan kaɗai ya isa shaida ga mutanen ƙauye cewa ƙasarsu tana nan.

A ƙetare aka yi babban aikin. Biyafara ta ɗauki hayar kamfanin Markpress na birnin Janiba, yana raba sanarwa ga jaridun Turai, yana shirya wa 'yan jarida ziyara. Daga tsakiyar 1968 hotunan yara masu kumburin ciki da siraran ƙafafu suka cika talabijin da mujallu irin Life. Yunwar gaskiya ce, toshe hanyoyin da tarayya ta yi ne ya haddasa ta. Abin da farfaganda ta ƙara shi ne fassara: kisan ƙare dangi ne, in ji ta, kuma jihadi ne Musulmin Arewa suka ƙaddamar kan Kiristoci. Zancen jihadin bai da madafa, tunda Gowon kansa Kirista ne, haka ma ɗimbin dakarunsa, amma ya shiga kunnen majami'un Turai da Amurka. Zancen ƙare dangi kuwa ya sosa wa Turawa wurin da ke musu ƙaiƙayi, don ba a jima da ganin abin da Hitila ya yi wa Yahudawa ba. Tanzaniya da Gabon da Kodebuwa da Zambiya da Haiti suka amince da Biyafara, Faransa ta riƙa tura makamai a kaikaice, jiragen agaji kuma suna tasowa daga tsibirin Sawo Tome suna sauka da dare a filin Uli, inda jiragen makamai ma suke sauka.

Gwamnatin tarayya a Legas ta fara da raina abin, har tana kiran yaƙin aikin 'yan sanda. A cikin gida ta yi dabara: ƙirƙiro jihohi 12 kwana uku kafin ɓallewar ya janye zukatan ƙananan ƙabilun Gabas da yawa. A waje kuwa musun da ma'aikatar yaɗa labarai ta Anthony Enahoro take yi bai iya goge hoton yaro ɗaya ba. Abin da ya yi tasiri shi ne gayyato masu sa ido a 1968, daga Birtaniya da Kanada da Suwidin da Folan da Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Sun ce ba su ga alamar shirin ƙare dangi ba. Yankunan da ke hannun tarayya suka zagaya, wannan kuwa giɓi ne babba, amma rahoton ya ishi gwamnatin Harold Wilson ta ci gaba da sayar wa Nijeriya makamai.

A ganina ribar da Biyafara ta ci a baki ta koma kan talakawanta. Shugabanninta sun sa rai tausayin duniya zai tilasta a tsagaita wuta, jama'a kuma sun yi imani cewa bayan saranda mutuwa ce kawai. Aka shafe watanni ana jayayya kan hanyar shigar da abinci, Legas na ƙin jiragen dare, Ojukwu na ƙin hanyar ƙasa, mutane na mutuwa. Yawancin ƙiyasi sun sa mamata a miliyan ɗaya ko fiye, akasarinsu saboda yunwa. Da Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara, ƙare dangin da aka yi ta tsoro bai auku ba.

Yaƙin bakin bai ƙare a nan ba: shekaru da yawa bayan haka sunan Rediyon Biyafara ya sake bayyana daga Landan a hannun ɗan aware Nnamdi Kanu, wannan karon ta intanet. A Yunin 2021, da Twitter ta goge saƙon Shugaba Buhari mai tuna wa 'yan aware yaƙin basasa, gwamnati ta rufe dandalin har zuwa Janairun 2022. 'Yan Nijeriya da yawa suka sauke manhajar VPN a wayoyinsu, suka ci gaba da shiga.